Shaihu Umar da Kakannin da Ba a Faɗi Sunansu Ba

 A wannan fitowa ban zo da wa'azi ba, ko da yake kun san halin fasto, da wuya ya kai ƙarshen magana bai ɓulla cikin Littafi Mai Tsarki ba. Zance ne na wani ɗan littafin Hausa, da wata yarinya da ta karanta shi ranta ya ɓaci, da abin da ɓacin ran nata ya tono mini.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, 'yar ɗaya daga cikin dattawanmu, wadda take karatun Hausa a Sakkwato, ta tsaya tana jirana a bakin ƙofa, riƙe da littafin Shaihu Umar. Iyayenta a wajen Shagari suke zaune tun kafin a haife ta. Ta ce, "Baba Fasto, an ce mini labarin bauta ne da neman asali, shi ya sa na zauna na cinye shi a dare ɗaya. Na zaci zan ga kakar babana a ciki. Ban gan ta ba." Na ce, "'Yata, ina kika san kakar babanki har da za ki gane ta cikin littafi?" Ta ce abin da ta sani ke nan, an kawo ta daga ƙasar Gwari tana ƙarama, kuma a gidansu ba a yin zancen. Daga nan ta miƙa mini littafin, ta ce in sake karantawa in gaya mata ko ita ce ba ta fahimta ba.

Ga waɗanda ba su taɓa karanta shi ba, marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, tun yana matashin malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Labarin wani babban malami ne a Rauta, ƙasar Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe labari ya ba su. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Bayan an dawo daga harin kamun bayi a ƙasar Gwari, 'yan hassada suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya kai ga wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin wahala, ba ta sake ganin ɗanta ba sai tana bakin mutuwa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin fim.

Ni a shekarun 1980 na fara karanta shi, ina sakandare. Abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne kurar da ta cinye ɓarawon yaron, da guguwar rairayin da ta binne ayari. Ban ga wani abin ɓacin rai ba. Da na sake karanta shi a makon nan da idon yarinyar, sai na ga abin da ta gani.

An tafi hari, an dawo da bayi. To, su wane ne? Mace nawa, yaro nawa? Wa aka bari yana kuka a kan dutse? Littafin bai tsaya a kansu ba. Amfaninsu cikin labarin shi ne a ƙirga su, domin a kan lissafin bayin ne aka ƙulla wa Makau sharri. Tausayin mai karatu duka an karkata shi zuwa ga Makau da aka zalunta, da Umar da aka sace, da uwarsa da aka bautar ba bisa ƙa'ida ba. Wannan tausayi daidai ne. Amma Gwarawan nan, waɗanda yau suka fi so a kira su Gbagyi, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma a cikinsu ne yarinyarmu take neman kakarta. Ta buɗe littafin da aka ce na bauta ne, ta tarar mutanenta sun shigo sun fita kamar garken awaki da aka wuce da shi ta bayan gida.

Akwai kuma abu na biyu da ya dame ni, ni da na saba zama da matasa ina jin yadda zuciyarsu take tafasa. Umar bai yi kokawa da kome ba. Ana ɗaukarsa, ana ajiye shi, ya girma, ya zama malami, shi ke nan. Yaron da aka raba da uwarsa bai taɓa tsayawa ya tambayi Allah dalili ba, bai yi fushi da wanda ya saye shi ba, bai yi kuka a ɓoye yadda za mu ji shi ba. Har Yusufu ɗan Yakubu, wanda labarinsa ya yi kama da wannan, Littafin Farawa ya nuna mana shi yana neman wurin da zai ɓuya ya yi kuka sa'ad da ya ga ƙanensa. A ganina uwar ce take ɗauke da nauyin littafin gaba ɗaya, kuma inda marubucin ya bi ta, nan ne alƙalaminsa ya fi rai.

Duk da haka, da yarinyar ta dawo, ban ce mata ta jefar da littafin ba, kuma ba zan ce muku haka ba. Mu yi adalci. Mutumin da ya rubuta shi shekarunsa ashirin da kaɗan. Ya rubuta shi shekara talatin kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Dokar Lugard ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bautar kanta a dokar Arewa ba sai 1936. Wato a lokacin da Ɓalewa yake rubutu, akwai tsofaffin da suka yi hari da ransu, akwai waɗanda aka kamo, suna zaune a gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Shi kansa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa Bagere ne mai hidima a gidan hakimi. Saurayi irin wannan ya ɗauki alƙalami ya nuna uwa tana tafiya cikin hamada a matsayin baiwa, ba ƙaramin abu ya yi ba. Ya ba da labarin da ya iya bayarwa, daga inda yake tsaye. Ba shi ne ya ɗauki alkawarin rubuta tarihin gidan dattijonmu ba.

To, wa ya ɗauka? Nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Ku dubi inda muke zaune. A Sifawa, nan ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ya zauna wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga. Waɗannan gidaje sun san kakanninsu ɗaya bayan ɗaya domin sun riƙi tawada da daraja, maza da mata, har irin su Nana Asma'u. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya rasu a 2018, ya bar tarihin rayuwarsa cikin littafin da ya fito a 2001, kuma duk mai son sanin yadda gidansu ya kafu a Shagari zai samu a rubuce. Ban faɗi wannan da hassada ba. Abin koyi ne.

Amma a wannan ƙasa ɗaya, ba nisa da Danchadi, akwai kufan Satiru. A Fabrairun 1906 mutanen garin, talakawa da bayin da suka gudo, suka yi tawaye da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji. A watan Maris aka dawo musu da bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara aka rarraba, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Yaran nan da aka rarraba sun girma, sun yi aure, sun haifu. Jikokinsu suna nan tare da mu a kasuwar Bodinga, suna sayar mana da gero, amma wa zai buɗe baki ya ce kakarsa daga Satiru take? Na kawo wannan domin kada wani ya ɗauka shirun nan namu ne mu kaɗai Masihiyawa. Mutanen Satiru Musulmi ne. Masanan tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Mutane masu yawa haka ba su ɓace ba. Sun zama kakannin wasu, a masallaci da majami'a duka.

Namu shirun yana da wani ƙarin rufi. Da yawa cikin masu bi na farko a ƙasar Sakkwato sun ji bishara ne a asibitin kutare na Amanawa, wanda mishan ta SIM ta riƙe tun daga ƙarshen shekarun 1930. Wasu sun zo daga ƙasar Zuru da Yawuri neman aiki ko aikin soja. Wasu daga gidan bori suka fito, wasu daga gidan malamai, suka rasa gado da dangi a rana ɗaya. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da dalilin rufe baki. Wannan yana jin kunyar kuturta, wancan yana jin kunyar bauta, wani kuwa yana tsoron kada zancen ya koma wa 'yan'uwansa ya ta da tsohon miki. Mu fastoci kuma muka taimaka. Muka koya wa mutane cewa tsohon mutum ya mutu, gaskiya ne, amma wasu suka ji kamar an ce kakanni ma sun mutu ba a ambatonsu. Na buɗe littafin rajistar baftisma na ikilisiyar da nake hidima. Suna, ranar baftisma, sunan wanda ya yi ta. Babu inda aka rubuta garin uba, balle na kaka. In ka bi littafin, sai ka ce daga cikin ruwa mutanen nan suka tsiro.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Mu da muka yi makarantar tauhidi mun sha gyangyaɗi a kan jerin sunayen nan na wane ya haifi wane, amma ku buɗe Matiyu sura ta 1 ku duba wa da wa aka sa. Ga Tamar da labarinta mai nauyin faɗa. Ga Rahab ta Yariko, kun san sana'arta. Ga Rut, baƙuwa daga Mowab. Ga matar Uriya, wadda ambatonta da sunan mijinta na fari ya isa ya tuna wa kowa zunubin Dawuda. Ga sarki Manassa da dukan muguntarsa. Ba a share ko ɗaya ba domin a gyara wa Almasihu asali. A Maimaitawar Shari'a sura ta 26 kuwa, an umarci Ba'isra'ile, ranar da ya kawo nunan fari, ya tsaya gaban Ubangiji ya faɗa da bakinsa cewa kakansa mai yawo ne marar ƙasa, kuma an bautar da su a Masar. Ba ranar makoki aka ce ya faɗa ba, ranar da rumbunsa ya cika. Mu ma muna bikin godiyar kaka kowace shekara, muna kawo dawa da gero da kaji, amma wannan sashe mun tsallake shi.

Har kalmar da muke rerawa kowace Lahadi, fansa, ku tambayi tsofaffi daga ina ta fito. Fansa ita ce dukiyar da dangi suke tarawa su karɓo ɗansu daga hannun wanda ya kama shi, ko wadda bawa yake tarawa da guminsa ya sayi kansa. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 sun tarar da kalmar da zafinta, suka ɗauka. Kakar yarinyar nan ta fi ni sanin ma'anar Mai Fansa, da dukan takardun da na tara.

Na san wani zai ce, ai Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan ɓata lokaci wajen ƙididdigar asali. Haka ne, kuma gargaɗin yana nan daram. Abin da manzo ya hana shi ne asalin fahariya da gardama, kuma wannan cuta ce da muka sani sarai. A ƙasar Hausa kowa yana so kakansa ya fito daga Gabas, in ba Makka ba to Bagadaza. Yanzu kuma na fara jin wasu 'yan'uwa suna cewa ƙabilarsu daga Isra'ila ta taso. Alex Haley na Amurka ya girgiza duniya a 1976 da littafinsa Roots, inda ya bi sawun kakansa Kunta Kinte har ƙauyen Jufure a Gambiya, amma daga baya masu bincike suka nuna cewa wurare da dama ba su yi daidai da takardun tarihi ba. Wanda yake jin yunwar asali, kome aka zuba masa sai ya haɗiye. Ba na kiran kowa ya ƙaga wa kansa kaka basarake. Ba na kuma kiran kowa ya tono tarihi domin ya samu dutsen jifan maƙwabcinsa. In muka tona da gaskiya, wasunmu za su tarar kakansu na wajen uba shi ne ya yi harin, ta wajen uwa ita ce aka kamo, jini ɗaya kuma yake gudu a jikinmu.

Kada kuma a ce wannan zancen 'yan boko ne kawai. Duk uban da ya taɓa bin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma domin ɗansa ya samu makaranta, ko tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ya san tambayar farko: ina ne garin ubanka, ina ne na kakanka, wane mai unguwa ko hakimi ne zai shaide ka? Tsarin mulkin 1999 ya rataya zaman mutum ɗan wata jiha a kan iyaye da kakanni. Yaron da aka haifa a Bodinga, ba shi da wani harshe sai Hausa, amma bai san ƙauyen kakansa ba, a tsakiya yake tsayawa, nan a ce baƙo ne, can a ce ba a san shi ba. Ku karanta Ezra sura ta 2, wajen ƙarshe. Wasu sun dawo daga Babila, aka nemi sunansu cikin littafin asali ba a samu ba, aka hana su aikin firist. Abin da ya faru da su yana faruwa da 'ya'yanmu, kuma sashen laifin na iyayen da suka mutu da labari a ciki ne.

Ba mu rasa abin koyi a gidanmu ba. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila. A can ya zauna ya ba Rabaran Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Muryar wanda aka kama ce, ba ta wanda ya kama ba, kuma ta riga Shaihu Umar fitowa da kusan shekara hamsin. Cikin marubutan farko na zamanin Rupert East ma akwai namu, John Tafida na Wusasa, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da East. Ban san ranar da muka yanke shawarar cewa rubutun Hausa na wasu ne, namu waƙoƙin sujada da takardar sanarwa ba.

Shawarata ga ikilisiyoyinmu ƙarama ce, ba ta bukatar kuɗin mishan. Littafin rubutu ɗaya, da wayar da take ɗaukar murya, da matashi mai haƙuri. A fara da tsofaffin zumuntar mata, gama su ne suke riƙe da labari, mazan sun fi sanin gona da haraji. Kada a tambayi tsohuwa kai tsaye ko kakarta baiwa ce, ba za ta amsa ba, kuma ta yi daidai. A tambaye ta tsagar da ke fuskar uwarta, da abincin da ba a ci a gidansu, da ƙabilar da suke wasan taubashi da ita, da waƙar da aka yi mata reno da ita ko da ba ta san ma'anar kalmomin ba. A kula da sunaye. In an ji Nagode ko Allah Bar Sarki cikin kakanni, sau da dama ubangida ne ya raɗa, akwai wani suna a ƙarƙashinsa. Kuma abin da aka rubuta na mai labarin ne da 'ya'yansa. Ba na karantawa a kan bagade ba ne, ba na Facebook ba ne. Muna da 'yan'uwa da har yau dangantakarsu da danginsu a kan siririn zare take, fasto mai sakin baki zai iya tsinka shi da jimla ɗaya. Ni dai na ƙara layi biyu a rajistarmu: garin uba da kaka, garin uwa da kaka, ga wanda ya yarda ya faɗa.

Ranar Talatar da ta wuce muka hau babur da yarinyar da mahaifinta zuwa wani ƙauye a bayan Shagari, wurin gwaggon uban, wadda ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga tsohuwar da idonsu. Muka gaisa, aka kawo fura. Da na gabatar da abin da ya kawo mu, ta dube ni ta ce, "Fasto, mi za ka yi da wanga zance? Abin da ya wuce ya wuce." Na ce, "Inna, ba ni ke so ba, jikarki ce." Ta yi shiru har na ɗauka mun yi zuwan banza. Can sai ta ce tsohuwar ba ta ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa take ɗorawa har ta mutu, yara suna yi mata dariya. Ta ce in tana niƙa takan yi wata waƙa da ba Hausa ba, in ta ji motsin mutum ta yi shiru. Ta ce sunan da kowa ya san ta da shi ba shi ne nata ba, ta taɓa faɗa mata na ainihin sau ɗaya, da dare, shekarar da aka yi yunwa.

Yarinyar ta buɗe littafin rubutu, hannunta yana rawa. Gwaggon ta ce ta rufe tukuna, ba a faɗar irin wannan gaban maza. Ni da dattijon muka ɗauki tabarmarmu muka koma gindin darbejiya, muka zauna wajen awa biyu muna zancen farashin taki.